Daga Bugun Waya Zuwa Naɗe Mesa: Yadda Fitar 'Yan Kwana-kwana Take a Kano

Da zarar wayar ɗakin karɓar kira ta yi ƙara, wanda ke bakin aiki yakan dubi agogo ya rubuta lokaci a littafi, sannan ya fara tambaya. A nan mintunan farko suke salwanta, ba a wajen tayar da mota ba. Mai kira a gigice yake, abin da ke bakinsa bai wuce "Gobara! Ku taimaka, gobara a Kurna!" ba, sai ya katse. Kurna kuwa gari guda ce, haka Ɗorayi, haka Rijiyar Lemo. Dole a sake kiransa, wani lokaci ma layin ya ƙi shiga saboda shi ma yana ta neman 'yan'uwa.

Shi ya sa mu 'yan kwana-kwana muke tsare mutum da tambaya ko da yana ganin ɓata masa lokaci muke yi. "Hajiya, ki natsu, mota na fitowa. Wace unguwa ce? Daga babban titi ta ina ake shiga? Wane masallaci ko gidan mai ne kusa da ku?" In dattijo ne: "Baba, me ke ci, ɗaki ne ko shago? Akwai wanda ya rage a ciki? Akwai tukunyar gas ko jarkar fetur?" Kowace amsa tana canza abin da za mu ɗauka. In mai ne, sai da kumfar kashe wuta. In bene ne, sai da dogon tsani. In an ce akwai yara a ciki, tun a cikin mota mutum biyu za su goya tukunyar iskar shaƙa, kafin a isa sun gama shiri. Kwatancen da ya fi kowane amfani kuwa shi ne a tura yaro mai babur ya tsaya a bakin titi, yana hango mu ya ɗaga hannu ya shiga gaba. Da dare kana ganin sama ta yi ja, amma layin da zai kai ka wurin ba ka ganinsa.

Lambar 112 kyauta ce, ko babu kati a waya tana shiga. Kiran yana sauka a cibiyar kiran gaggawa, su kuma su miƙo mana. Wanda ya ajiye lambar tashar da ta fi kusa da shi ya rage wannan zagayen, kuma bai kamata a ce mai unguwa ko limami ko mai gadin kasuwa ba shi da ita ba. Amma abin da ya fi cin dukiya shi ne jinkirin kiran kansa. Mutane sukan fara da bokiti, kowa na zaton wani ya riga ya kira, sai wuta ta huda rufi a tuna da mu. Ɗaki mai katifar soso da labule da kujerun kushin yana iya kamawa gaba ɗaya cikin minti 5, wani lokaci bai kai haka ba. Ba a biyan ko kwabo don an kira mu. In mun iso mun tarar kun kashe, babu laifi, mu ma haka muka fi so.

Ana buga ƙararrawa a tasha, kowa ya zura takalmi da wando da riga, kwalkwali a hannu, sauran shirin a cikin mota. Akwai jagoran fita, akwai direba wanda shi ne kuma mai kula da injin tura ruwa, sai masu riƙe mesa. Motar ba irin wadda mutane suka saba tuƙawa ba ce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka mai ɗauke da lita 5,000 tana jan tan 5 na ruwa kaɗai, ban da nauyin jikinta da kayan aiki. Ba ta tsayawa nan take, ba ta shan kwana da gudu, in kuma tankin rabi ne ruwan yana tangaɗi yana jan ta gefe. Mai Adaidaita Sahun da ya ji jiniya ya tsaya cak a tsakiyar titi ya fi wanda ya ci gaba da tafiya ba mu wahala. Abin da ake so, a gangara gefe a ba da tsakiya. Masu bin bayanmu a guje don su ci ribar hanyar da muka buɗe kuwa, su suke toshe wa mota ta biyu.

Cikin unguwa wani karatun ne. Dakali ya ci rabin layi, an fito da rumfar shago, an haƙa kwata ba a rufe ba, wayoyin wuta sun yi ƙasa har suna taɓa tsanin da ke saman mota, ko a tarar an kafa rumfar biki an jera kujeru. A cikin birni, wajen su Jakara da Yakasai, akwai lungunan da ko amalanke da ƙyar take bi. A nan sai mota ta tsaya a inda ta samu, a ja mesa da ƙafa.

Muna sauka, jama'a na ihun "ku watsa! ku watsa!", jagora kuma yana zagaya gidan ba a buɗe ruwa ba. Ba sanyin jiki ba ne. Yana duba inda wutar take, inda ta dosa, ta ina iska ke kaɗawa, ƙofa nawa ce, kuma yana neman mutum ɗaya da ya san gidan. "Yallaɓai, mutum nawa ne suka kwana a nan? Ka ƙirga su da idonka?" Sau da yawa yaron da ake kuka a kansa yana gidan maƙwabta, sau da yawa kuma wanda aka ce ya fita yana ƙarƙashin gado, domin yara ɓuya suke yi in sun tsorata, ba gudu ba.

Sai lantarki. "Ai an ɗauke wuta tun ɗazu" ba amsa ba ce a wurinmu, domin ana iya dawo da ita muna tsaye cikin ruwa. Ana zare fis na gidan, in abin ya kai ga turke ko taransifoma a kira ma'aikatan kamfanin rarraba lantarki na KEDCO su kashe layin. A tambayi janareta, nasu da na maƙwabcin da ya ja musu waya. Yanzu ga sola ta shigo: ko an kashe komai, farantan da ke kan rufi suna ci gaba da ba da wuta muddin akwai rana, batura kuma suna cike. Wanda ya hau rufin yana sara da gatari bai san inda wayarsu ta bi ba, ya sa ransa a haɗari.

To, ga maganar ruwa, wadda a kanta aka fi zaginmu. Ana cewa 'yan kwana-kwana sun zo babu ruwa. Mota ba ta barin tasha sai tankinta a cike, abin da mutane ba su lissafa ba shi ne saurin ƙarewarsa. Babbar mesa, mai faɗin milimita 70, tana fitar da wajen lita 500 a minti ɗaya. Tanki mai lita 5,000 minti 10 ke nan da mesa ɗaya, minti 5 da biyu. In aka buɗe bindigar ruwa ta saman mota, minti 3 ya isa a ji injin yana zuƙar iska. Ga kuma abin da mesar kanta take sha: kowace mita ɗaya tana riƙe kusan lita 4, don haka in mota ta tsaya mita 200 daga gidan, kusan lita 800 sun shige cikin mesa kafin ɗigo ɗaya ya fita ta baki, ƙarfin ruwan kuma yana raguwa da kowane tsawo da aka ƙara. Kurar ɗan ga-ruwa mai jarka 12 lita 300 ce, ba ta kai aikin minti ɗaya ba, duk da haka ba ma raina ta wajen jiƙa katangar maƙwabta.

A garuruwan da ke da famfunan gobara a bakin titi masu ruwa kullum, tankin mota na riƙon ƙwarya ne kafin a haɗa mesa da famfo. Mu a yawancin unguwanni tankin shi ne komai. In ya ƙare, ko dai wata tanka ta zo ta juye mana, ko motar ta tafi ɗibo ta dawo, kuma wannan tafiyar ce mutane suke gani su ce mun gudu. Ana iya zuƙa daga kududdufi ko babbar ma'ajiyar ruwa ta ƙasa, amma sai an sa rariya a bakin bututun saboda leda da taɓo, kuma injin ba ya iya ɗago ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8. Don haka mai cewa "ga rijiya nan ku ja" yakan sha mamaki in muka ƙi.

Saboda wannan lissafin ne ba ma watsa ruwa a kan hayaƙi ko a saman kwano. Ruwan da ya sauka a kan kwano gangarewa yake yi ƙasa, wutar na ƙarƙashi tana cin katako. Sai an kai ga gindinta. Shi ya sa muka fi amfani da ƙaramar mesa mai milimita 45, wadda ba ta shan rabin abin da babbar ke sha, ana buɗewa ana rufewa, ana matsawa ciki. Haka kuma in ɗaki ya riga ya cinye, mukan juya mu jiƙa na kusa da shi wanda bai kama ba. Mai ɗakin da ke ci yakan fusata, har a kai ga riƙe mana riga. Amma abin da ya ƙone ya ƙone, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta naka ake shafa wa ruwa. Gidajen haya masu jerin ɗakuna sun fi bukatar haka, domin katangar da ta raba ɗakunan ba ta kai rufi ba, saman silin a buɗe yake tun daga ɗaki na farko har na ƙarshe. Wuta takan bi ta can a ɓoye ta faɗo a ɗaki na huɗu alhali ana fama da na farko. Dole a huda silin a gabanta a tare ta.

Masu shiga ciki mutum biyu ne, ba a shiga ɗaya. Tukunyar iskar da suke goyo lita 6 ce, an matse iska a cikinta ninki 300, wato iska lita 1,800, wadda a lissafin takarda minti 45 ce. Mai jan mesa cikin zafi yana haki bai cika samun fiye da minti 25 ba. In ta kusa ƙarewa akwai usur da ke busawa da kansa, kuma ana so ya same ka a hanyar fita, ba a ƙuryar ɗaki ba. A waje akwai wanda ya rubuta lokacin shigarsu. Cikin ɗakin ba a ganin ko tafin hannu, da rarrafe ake tafiya, hannu ɗaya na bin bango, ana lalube kan gado da ƙarƙashinsa da bayan ƙofa da banɗaki. Silin roba yana narkewa yana ɗigowa a wuya. Yawancin waɗanda muke fitowa da su babu rai, hayaƙi ne ya kashe su kafin wuta ta taɓa su, domin soson katifa in yana ci guba yake fitarwa, shaƙa kaɗan mutum ya sume.

Abin da ya fi ɓata min rai a wannan aikin shi ne ƙarfen taga. An kafe shi cikin siminti don ɓarawo, an sa wa ƙofa kwaɗo biyu, makulli kuma yana cikin jakar da ba a san inda take ba a cikin duhu. Muna da injin yanka ƙarfe da almakashin kwaɗo, amma yanka taga ɗaya yana cin mintunan da na ciki ba shi da su. A kowane ɗakin kwana ya kamata a ce ƙarfen taga ɗaya mai buɗewa ne, makullinsa a rataye kusa da shi inda yaro zai iya kaiwa. Wanda ya fito daga ɗakin da ke ci kuma ya ja ƙofar ya rufe. Mutane sukan bar ta a buɗe, har su fasa tagogi wai hayaƙi ya fita, alhali iska suka ba wutar.

Kasuwa ta haɗa duk waɗannan matsalolin wuri guda. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 da dare ta tashi, ta cinye dubban shaguna, kuma yawancin gobarar kasuwa haka take, lokacin da kowa ya kulle ya tafi. Layukan da aka bari don mota an cike su da tebura da kwantena, shaguna a garƙame da ƙofofin ƙarfe, kaya har rufi, atamfa da roba da turare da man shafawa. Shagon da ya daɗe yana ci a rufe ba a buɗe shi da gaggawa. In ka ga hayaƙi mai kauri yana fita ta ƙasan ƙofa yana komawa kamar numfashi, ƙofar kuma ta yi zafi, to wutar ta cinye iskar ciki tana jiran sabuwa, ana ɗagawa za ta yi tsalle waje. Sai an tsaya gefe, mesa a shirye, a huda kaɗan a sanyaya. Ga masu shaguna na son shiga kwashe kaya, ga ɓata-gari na son shiga kwasar ganima, motoci na bi ta kan mesa suna fasa ta. In babu 'yan sanda da ke tare jama'a, rabin ma'aikatanmu gadi suke komawa yi.

Ba kowace wuta ake kashewa da ruwa ba. Man suya in ya kama a kasko, ludayin ruwa ɗaya ya isa ya tashi kicin, domin ruwa in ya zama tururi yana kumbura wajen sau 1,700, ya watso man mai ci ko'ina. A kashe risho, a rufe da murfi, a bar shi ya huce. Tukunyar gas in wuta na ci a bakinta ko a tiyonta, abin nema shi ne a rufe kan, da jiƙaƙƙen tawul a hannu. Ba ma kashe harshen wutar mu bar gas na fita, domin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya cika ɗaki, ƙyastu ɗaya ya tashi gidan. In kuwa tukunyar tana cikin wuta tana gasuwa, sai a fake bayan katanga a yi ta zuba mata ruwa daga nesa. Wanda ya shiga kicin ya ji warin gas kada ya taɓa makunnin fitila, ko kunnawa ko kashewa. Ya buɗe ƙofa da taga, ya rufe tukunyar, ya nemi inda ke yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba.

Fetur yana tasowa saman ruwa ya bi shi duk inda ya gangara, don haka kumfa ake shimfiɗa masa, lita 3 na maganin cikin lita 97 na ruwa a irin wadda aka fi amfani da ita, a hankali, har ta rufe fuskar man. Tankar mai tana ɗaukar lita 33,000, wata 45,000. In ta faɗi, tururin man yana bin kwata da gangare ya yi nisa, salansar babur ko gogar bokitin ƙarfe a kwalta ya isa. Irin wannan faɗuwar tankar ce ta faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa cikin watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu sun je ɗibar mai. Irin wannan kiran, aikinmu na farko kora ne. Jarkokin 'yan bumburutu da ake ajiyewa a soro ƙaramin wannan ne.

Wanda aka fito da shi, a kanmu taimakon farko yake. A nan ƙasar aikin a rarrabe yake: mu ne masu ceto, motar ɗaukar marasa lafiya kuma sau da yawa ta asibiti ce ko ta jami'an kiyaye haɗurra, masu lamba 122. Kafin ta iso, ƙuna ruwa take so, mai sanyi daidai, ba ƙanƙara ba, ana kwarara shi minti 20 cur. Ko an yi awa biyu da ƙonewa yana da amfani. A cire zobe da awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne kuma a yanke kewayenta a bar ta. A rufe da leda mai tsabta ko ƙyalle marar gashi, a lulluɓe sauran jikin, musamman yaro, don kada sanyi ya kama shi. Abin da muke tararwa an shafa kafin mu zo ba ya ƙirguwa: ɗanyen ƙwai, man goge baki, gishiri, kullu, baƙin mai. Babu wanda ke cire zafin da ya shiga nama, kuma a asibiti sai an kankare su, wanda ya fi ƙunar ciwo. Bororo ba a fasa shi.

Girman ƙuna da tafin hannun mai ƙunar ake aunawa, haɗe da yatsu, shi ne kashi 1 cikin 100 na jikinsa. In ta kai tafi 10 a yaro ko 15 a babba, sai an yi ƙarin ruwa a asibiti ko da yana magana garau. Ta fuska, hannu, gaba ko gaɓa, komai ƙanƙantarta asibiti ce. Wanda muka ga baƙi a hancinsa, gashin hancin ya babbake, muryarsa ta dishe, shi muke fara turawa ko da babu tabo a jikinsa, domin maƙogwaro yana kumbura daga baya ya toshe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kuma yana da kyau mai rakiya ya san haka.

Kiran da ba na wuta ba yana da yawa, a Kano kuwa rijiya da kududdufi ne kan gaba. Na rijiya yakan zo da salo ɗaya. Mai yasa ya shiga, ko an shiga ciro guga, sai aka ji shiru. Ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma shiru. Wani lokaci sai na uku ya shiga kafin a kira mu. Jama'a su ce rijiyar tana da iska, kuma da gaskiyarsu ta wata fuskar: iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ce mai rayarwa, a ƙasan tsohuwar rijiya ko ramin masai kuwa wata iska mai nauyi takan taru ta kore ta, mutum ya sume ba tare da ya ji komai ba. In an sauke injin jan ruwa mai fetur a ciki, ko an ajiye shi a baki hayaƙinsa na gangarawa, ya fi muni. Gwajin da ake yi na zura fitila a ga ko za ta mutu ba abin dogaro ba ne. Ba ya nuna gubar hayaƙin inji, a ramin masai kuma yana iya tayar da wuta.

Muna isa muke janye mutane daga bakin rijiyar, domin nauyinsu yana rufta gefen, da damina musamman, kuma duk ƙasar da ƙafa ta tura kan na ciki take faɗawa. A kafa ƙarfe mai ƙafa uku a sama, ko a gitta tsani mai ƙarfi. Mai shiga yana sa ɗamarar jiki da takunkumin iska, igiya biyu a jikinsa, ɗaya ta sauka, ɗaya ta tsaro a hannun wani dabam. In rijiyar ta matse har tukunyar ba ta shiga a bayansa, sai a rataye ta a samansa. Yana isa ya ɗaura wa wanda ya faɗa ɗamara ta ƙarƙashin hammata da cinya, kai a sama, a ja a hankali kada ya bugu da bango. Igiya a ciki ko a wuyan hannu ɗaya, yadda ake yi kafin mu zo, tana zamewa ko ta ƙara rauni. Akuya da saniya ma muna cirowa, kuma gara a kira mu a kansu, don mutane da dama a bin dabba suka halaka.

A kududdufi, abin da muke roƙo shi ne wanda ya ga nutsewar ya tsaya a inda yake, ya riƙe wurin da ido, ya daidaita shi da wata bishiya ko katanga a ɗaya gefen. Ruwan ba a ganin komai a cikinsa, ƙasansa taɓo ne da leda da ramukan da masu ɗibar ƙasa suka bari, da ƙugiya da lalube ake nema. Wanda bai iya ruwa ba ya jefa igiya ko jarka marar komai mai murfi, kada ya shiga. In an fito da mutum ba ya numfashi, ba a juya shi ƙafa sama, ba a danna masa ciki wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓa, a toshe hanci a hura masa iska sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka, dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 ga babba. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, mu kuwa da wuya mu iso cikin wannan lokacin, don haka wannan aikin na wanda ke tsaye a wurin ne. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti. In rai ya yi halinsa, mukan miƙa gawa ga 'yan sanda ko mai unguwa, a rubuta.

A gobara, mutuwar harshen wuta ba ita ce ƙarshen aiki ba. Ana fito da katifu da buhuna da dilolin kaya waje a warware su, domin auduga tana riƙe wuta a cikinta har kwana. A taɓa bango da bayan hannu, a leƙa saman silin. A nan ne kuma ake neman mafari, inda ƙunar ta fi zurfi, inda katako ya fi cinyewa. Abubuwan da muke tararwa ba su cika canzawa ba: hitar dafa ruwa da aka bari a bokiti aka ɗauke wuta aka manta, aka dawo da ita cikin dare, siririyar waya mai milimita 1.5 ta fitila da aka ɗora wa dutsen guga da firji, alhali soket waya mai 2.5 yake so, na'urar sanyaya ɗaki kuma mai 4. Fis da ya ƙone aka ɗaure da ƙatuwar waya. Zuba wa janareta mai yana aiki. Kaskon turaren wuta kusa da labule. Da hunturu kuma garwashin jin ɗumi a ɗaki rufe, wanda ko bai tayar da gobara ba yana kashe masu barci.

Jagora yana rubuta sunan mai gida, abin da ya ƙone, abin da aka tsirar, wanda ya ji rauni da inda aka kai shi. Daga wannan ne ake fitar da takardar rahoton gobara in mai gida ya nema a ofis, kuma ita ake tambaya wajen inshora, wajen neman tallafin hukumar agajin gaggawa, da wajen sake takardun da suka ƙone. Mai makaranta ko otal ko gidan mai ko masana'anta kuma ba sai ya jira irin wannan ranar ba. Yana iya rubuto wasiƙa a turo masu duba gini, su ga ƙofofin fita da wayoyi da ma'ajiyar ruwa da tukwanen kashe wuta, su koya wa ma'aikatansa amfani da su. A wajen dubawar mukan tarar da tukunya allurarta ta sauka daga kore, ko hodar ta dunƙule don ba a taɓa jijjiga ta ba, ko an kulle ta a ofishin manaja. Mai kilo 6 daƙiƙa 15 ce kacal take fesawa, don haka gindin wutar ake nufa, ƙofa a bayanka, kuma a bakin ƙofa ake rataye ta, ana kai ta gyara duk shekara.

Daga wurin gobara ba tasha muke nufa ba, wurin ɗibar ruwa muke fara zuwa a cika tanki. A tasha a wanke mesa a shanya, a naɗe busasshiya a mayar cikin mota, a canza tukwanen iskar da aka taɓa ko da rabi aka sha, a duba mai da kumfa. Sai an gama wannan ake sanar da ɗakin karɓar kira cewa motar ta shirya, a rubuta lokacin a ƙarƙashin na fita.